Yadda Ake Gano Inda Tsadar Kaya Ta Fito: Albashi ko Riba

Masanan tattalin arziki da ke bin tafarkin Michal Kalecki, masani ɗan ƙasar Poland, ba su yarda cewa yawan kuɗi a hannun jama'a kaɗai ke tayar da farashi ba. A ganinsu kamfani ne ke yanka farashi: ya lissafa abin da ya kashe, ya ɗora ribarsa a kai. A 1977 Bob Rowthorn, masanin tattalin arziki ɗan Birtaniya, ya nuna cewa farashi kan hau idan rabon da ma'aikata da masu jari ke nema ya zarce abin da ƙasa ta samar. Ana iya gwada wannan da alƙaluman hukumar ƙididdiga.

Ka nemo jimillar abin da ƙasa ta samar, wato GDP, a lissafin da aka yi ta fuskar kuɗin shiga. Kashi uku ne: ladan ma'aikata har da fanshon da kamfani ke zuba musu, rarar kamfanoni wato riba, sai harajin kayayyaki bayan an cire tallafi. Raba kowanne da GDP ɗin da aka lissafa a kan farashin shekara guda tsayayya. Idan ka haɗa ukun, ma'aunin farashin GDP ne zai fito, wato matakin farashin duk abin da ƙasa ta samar.

Misali, a ce bara ma'aunin 100 ne: lada 55, riba 35, haraji 10. Bana ya kai 108: lada 57, riba 41, haraji 10. Cikin ƙarin takwas ɗin, shida na riba ne, biyu na lada. Kason ma'aikata ya sauka daga kashi 55 cikin ɗari zuwa kusan 53, duk da an ƙara musu albashi. Da irin wannan lissafi ne masu bincike a Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, suka gano a 2023 cewa riba ta ɗauki kusan rabin hauhawar farashin ƙasashen da ke amfani da yuro.

Babban tarkon shi ne masu sana'ar kansu. Galibi ana cusa kuɗin shigar manomi da tela cikin rarar kamfanoni, alhali mafi yawansa ladan gumi ne. Inda suke da yawa, riba za ta kumbura a takarda. Ka ware su, ko ka ƙiyasta musu matsakaicin albashi ka mayar ɓangaren lada. Haka kuma ma'aunin GDP bai ƙunshi kayan da ake shigowa da su ba, don haka idan faɗuwar darajar kuɗi ce ta jawo tsadar, sai ka auna ta daban.

Kada ka yanke hukunci da shekara ɗaya. Albashi kan biyo farashi a makare, saboda haka tashinsa a shekara ta biyu ko ta uku sau da yawa cike giɓi ne. Wannan na da muhimmanci ƙwarai, domin ƙarin kuɗin ruwa da babban banki kan yi yana rage tsada ne ta hanyar rage ayyukan yi da karya ƙarfin ma'aikata wajen ciniki. Ka jera aƙalla shekara biyar, ka duba ko kason lada ya wuce matsayinsa na kafin tsadar ko komawa kawai yake yi.