Yadda za ki noma ganyen miya a buhu ko da gidan haya kike

Duk wadda take cefane a Gombe ta san halin da ake shiga daga watan Mayu zuwa Yuni, kayan rani na Dadin Kowa da Kwadon sun ƙare na damina ba su iso ba, ki aiki yaro bakin titi ya dawo miki da tumatir huɗu a leda kamar sadaka aka ba shi. Tunda aka cire tallafin mai a 2023 kuwa kuɗin mota ya hau kan komai, har alayyahu bai tsira ba. Mu da muke su Bolari da Pantami da Herwagana a gidan haya ba wani fili gare mu ba, tsakar gidan ma siminti ne, to buhu shi ne gonarmu. Ba zai hana ki zuwa kasuwa ba fa, amma ganye kam kin daina saye.

Da farko ki duba inda rana take daɗewa a gidan, a ƙalla awa 6 a yini, jikin katanga ko bayan ɗaki. Sannan ki yi wa mai gida da matan gida magana tun kafin ki jibge buhu a tsakar gida, don ni rigimar da na fara sha ke nan, wai na tare hanyar shanya. Da na fara miƙa musu ganye kuma sai kowa ta zama mai gadi.

Sai buhu. Na shinkafa ko na taki mai kilo 50 ya fi, na siminti ma yana yi in kin wanke shi tas. Ki huda gindinsa wuri biyar ko shida da ƙusa mai zafi, ki ɗora shi kan bulo ko duwatsu saboda ruwa ya samu hanyar fita, in ba haka ba saiwa ruɓewa take.

Maganar ƙasa ita ce inda mutane suka fi faɗuwa, shi ya sa zan tsaya a nan. Ƙasar yawancin unguwanninmu rairayi ce, kina zuba ruwa yana zurarewa, ita kaɗai ba ta riƙe komai. Ki haɗa kwano biyu na ƙasa da kwano ɗaya na taki, haka za ki yi ta yi har buhun ya kusa cika. Takin kuma wanda ya daɗe ya ruɓe ya yi baƙi ba ya wari, kashin awaki ko na shanu. Ɗanyen kashin kaji wallahi wuta ne, ni da kaina na ƙone buhu uku da shi, tsiron ya fito kyakkyawa kwana biyu ya kwanta. In ɗanye kika samu ki tara shi gefe kina yayyafa masa ruwa kina juyawa kamar wata guda ko fiye. Ƙasar juji tana da ƙarfi ba ƙarya, amma jujin cikin gari yanzu batir ne da leda da kwalba da ragowar magani, abin da za ki ba yara su ci ne, ni dai ba na so. In kin samu ƙasar turken dabbobi a wajen maƙwabta ta fi komai, kuma yawanci kyauta ce.

Ga dabarar da take rage shan ruwa. Ki samo babban gwangwanin madara ki cire gindinsa ya zama kamar bututu, ki tsayar da shi a tsakiyar buhun ki cika shi da tsakuwa, ki zuba ƙasa kewaye da shi, sai ki ja shi sama a hankali ki sake cika shi da tsakuwa ki sake zuba ƙasa, a haka a haka har sama. Kin ga kin samu layin tsakuwa a tsakiya tun daga ƙasa, nan za ki riƙa zuba ruwa yana rarraba kansa ko'ina. Ki jiƙa buhun ki bar shi kwana biyu ya zauna kafin shuka.

Me za ki shuka? Don Allah kar ki fara da tumatir. Kowa shi yake fara hari saboda shi ne mai tsada, kuma shi ne mai karya gwiwa, yana son sanyin hunturu, zafin Maris da Afrilu na zuwa furen ya kakkaɓe, ga tsutsar nan da manoma suke ce wa sharon wadda ta cinye gonakin tumatir a Arewa a 2016. Ki fara da alayyahu, sati uku zuwa huɗu kin fara yanka. Irinsa ƙanana ne sosai, ki cakuɗa da rairayi kaɗan ki yayyafa a saman buhun, kar ki binne shi da zurfi. Rama da yakuwa da lalo su ma ba su da fitina. Kuɓewa tsiro biyu kacal a buhu ɗaya, wajen wata biyu take fara 'ya'ya. Gindin albasar da kike zubarwa ki dasa shi, lawashi zai yi ta ba ki. Jikin buhun ma gona ne, ki tsaga shi kaɗan-kaɗan da reza tazarar taƙi ɗaya na hannu ki cusa dashen alayyahu ko attaruhu. Zogale kuwa reshe kawai za ki kafa a tsohon bokiti, kina datse kansa don kar ya tafi sama ya bar ki.

Ruwa shi ne ainihin kuɗin wannan sana'a, musamman in famfo ya ɗauke sai 'yan garuwa. Ki ajiye baho ɗaya na tara ruwan alwala da na wankin shinkafa da na wankin kayan miya, ya isa buhu uku zuwa huɗu. Banda ruwan omo, banda mai maiƙo, banda mai gishiri. Ruwan kwata kuwa ko da wasa, balle a kan latas da ake ci ɗanye, taifod da amai da gudawa ne kike kira da hannunki. Ban ruwa da sassafe ko bayan la'asar, ki tura yatsa cikin ƙasar, in da danshi ki bari sai gobe. Ki rufe saman da ɓawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa, ruwan ya fi daɗewa.

Ƙwari za su zo. Ki daka ganyen dalbejiya, wadda wasu ke ce wa maina, ki jiƙa ya kwana, ki tace ki ɗiga ruwan sabulu kaɗan ki fesa da yamma har bayan ganyen, sati-sati. Toka ma tana taimakawa. Amma gaskiya babbar ƙwaruwa akuyar maƙwabta ce da kaji, minti biyar sun gama miki aikin wata guda. Tsohon gidan sauro ki lulluɓa, ki danne gefensa da dutse.

Wajen yanka kar ki tuge, ki yanke sama ki bar kamar tsawon yatsa da ganye biyu-uku, zai sake tohowa har sau uku ko huɗu. Ki bar guda ɗaya mai ƙarfi ya yi kai ya bushe ki murje irin ki zuba a kwalba, kin huta da sayen iri. Ki riƙa shuka buhu ɗaya duk sati biyu maimakon duka rana ɗaya, don kar su nuna miki lokaci guda. Shi buhun rana tana cinye shi, bayan wasu watanni za ki ga ya fara yagewa, sai ki juye ƙasar ki ƙara mata taki kwano biyu-uku ki zuba a sabo, inda kika yi kuɓewa wancan karon wannan karon ki sa ganye.