Gyaran ƙarƙashin bonet ɗin tsohuwar MGB: fenti ne aikin ƙarshe

Yawancin masu tsohuwar motar tsere abu guda ke ransu: su ɗaga bonet su ga wuri na sheƙi. Ni kuwa ba na kusantar gwangwanin fenti sai na san inda mai ke yoyo da inda tsatsa ta ci. Zan yi misali da MGB, wadda aka ƙera a Abingdon ta Ingila daga 1962 zuwa 1980, domin ita na fi sani, amma yawancin maganar ta shafi tsararrakinta.

Kafin ka kwance ko noti ɗaya, ɗauki hoto ta kowace kusurwa, ka manna wa kowace waya tef ka rubuta inda ta fito. Sannan ka cire kan batir. Kada ka neme shi a gaba, yana bayan kujeru, kuma a motocin farko guda biyu ne masu ƙarfin wuta volt 6 kowanne. Waɗanda aka ƙera kafin ƙarshen 1967 wayar fositib ce ke haɗe da bodi, saɓanin motocin yanzu, don haka duba taka da kyau. Sifanoninta ma na inci ne: 7/16, 1/2, 9/16. Sifana mai lamba 13 za ta shiga notin rabin inci kamar ta yi daidai, sai ka matsa ta murje masa kai.

Kada ka yi saurin wanki, dattin nan shi zai nuna maka ciwon. Haska tocila ka bi sawun baƙin mai daga ƙasa zuwa sama har inda ya fara. A wannan inji mai cc 1798, yakan fito daga gasket ɗin murfin bawul, ko ƙananan murafu biyu na gefe da ke ɓoye bayan manifol, ko bakin tiyon da ke kai mai wurin sanyaya shi. Sai ka leƙa ƙarƙashin tulun man birki da na kuloci. In ka ga fentin wurin ya yamutse yana ɓarewa da farce, man birki ne. Man birki nau'in DOT 3 da DOT 4 cin fenti suke yi, kuma in ba ka sauya robobin tulun ba, sabon fentinka ma haka zai ƙare. DOT 5 na silikon ba ya cin fenti, amma ba a gauraya shi da waɗancan, sai in an sabunta layin birkin gaba ɗaya.

A ganina, wanda ke son aiki mai kyau ya fitar da injin kawai. A MGB ya fi sauƙi a ɗago shi tare da giya. Feshi ta gefen inji yana zaune kwalliya ce ta ɗan lokaci.

In wuri ya zama fili, wanke maiƙo tas kafin ka sa samfefa, in ba haka ba goga man za ka yi ta yi cikin ƙarfe, fenti ya ƙi kamawa. Motar nan ba ta da shasi daban, bodin ne ke ɗauke da komai, shi ya sa tsatsa a nan ba maganar ado ba ce. Ɗauki sukurudireba ka caccaki gefuna biyu na ciki, da inda ƙarfe ya hau kan ƙarfe, da gindin akwatin fedal. Inda ya burma a yanke a yi walda da sabon ƙarfe, ban yarda da cusa fila a rami ba. Daga nan fentin ƙasa na ifoksi, a toshe gaɓoɓi, a bi da launin motar, domin a haka ta fito daga masana'anta. Masu shafe wurin da baƙi ɓoye wa kansu yoyon gobe suke yi.

Wayarin ɗin motar, na kamfanin Lucas, ya yi ƙaurin suna, amma sau da yawa laifin na mahaɗan da suka yi tsatsa ne. Launukan suna da ƙa'ida: ruwan ƙasa wuta ce kai tsaye daga batir ba fiyus, fara tana samun wuta in an murɗa makulli, koriya ita ma haka amma ta bi ta fiyus, baƙa kuwa ta bodi ce. Ruwan ƙasar nan ka fi kiyaye ta, in ta goga ƙarfe hayaƙi za ka gani. Sauya robobin da ke ramukan da wayoyi ke ratsawa. Duk inda baƙar waya za ta zauna, kankare sabon fentin har ƙarfe ya fito, ka ɗan shafa giris. Igiyar wutar da ke haɗa inji da bodi kuma kada ka manta da ita: in babu ita, wutar tayar da inji ta wayar cok ko ta totur za ta bi, ta yi zafi har ta narkar da rigarta.

A yawancin MGB kafiretoci biyu ne ƙirar kamfanin SU, kowanne da fistin ɗinsa da murfinsa, kada ka musanya su, kada kuma samfefa ta taɓa cikinsu. Girgiza sandar totur, in tana wasa iska na shiga ta nan, kuma duk saitin da za ka yi ba zai zauna ba. Farantin kare zafi da ke bayansu, na asali yana iya ɗauke da asbestos, mai lahani ga huhu. Kada ka goge shi a bushe, sauya shi. Tiyon fetur ma a sa sabo mai jure itanol.

Ranar tayarwa, ajiye abin kashe gobara kusa, ka shimfiɗa kwali mai tsabta a ƙasa. Cire fulogi, ka juya injin har allurar matsin mai ta ɗaga, sannan ka mayar da su. Jerin wuta 1-3-4-2 ne, ana ƙirgawa daga ɓangaren lagireto. In ya yi zafi ka kashe, ka bari ya huce, ka sake ɗaure bakin kowane tiyo. Notin murfin bawul dai a hankali, in ka matse shi da yawa murfin zai lanƙwashe, yoyon ya dawo.