Ga mai son kwance mota a gida cikin hunturu

'Yan uwa, duk mai shirin kwance motar tsere a garejin gida cikin hunturun nan, ya ji tsoron ƙura. Iskar Disamba da Janairu a Sakkwato ba inda ba ta shiga. Da ka cire kan inji, toshe ramukan silinda da hanyoyin mai da tsumma mai tsabta, ka shafa sabon baƙin mai, ka lulluɓe da leda. Yashi kaɗan ya isa ya karce silinda.

Kafin ka cire kowace waya, ɗauki hotonta. Notuna kuwa, kowane sashe da gwangwaninsa, a rubuce. Ni kwano ɗaya na zuba nawa, a unguwar Mabera ta Sakkwato. Yara suka kwashe rabi, wai dara suke yi.