Kafin ki rubuta Karen a allon shagonki

Ƴan matan da ke koyon ɗinki a wurina nan Yamai, kusan kowacce sunan Turawa take so, ko a allon shago ko a TikTok. Ba na hanawa, amma sai an bincika tukuna. Ga yadda nake sa su yi, da misalin sunan da aka fi kawo mini: Karen.

Fara da asali. Ɗauki waya ki nemi inda sunan ya fito. Karen na mutanen Danmak ne, daga Katherine aka gajarto shi, tushensa Girkanci, ana kuma danganta shi da kalmar da ke nufin tsarki. Ya yi tashe a Amurka, har a 1965 shi ne na 3 cikin sunayen da aka fi raɗa wa jarirai mata. Da yawa nan suke tsayawa, su ruga wurin mai fenti.

Ke kada ki tsaya. Sake nema, ki haɗa sunan da kalmar slang, wato yaren kan titi. Nan za ki tarar a bakin matasan Amurka Karen ta zama Baturiya mai jin kai da neman rigima, wadda abu kaɗan sai ta ce a kira mata manaja. Maganar ta bazu sosai a watan Mayu na 2020, lokacin da wata mata a Central Park na New York ta kira wa wani baƙar fata ƴan sanda saboda ya ce ta ɗaure karenta. Ki duba shekarar abin da kike karantawa, domin rubutun da ya tsufa ba zai nuna miki wannan ba. Ki duba ƙasa ma: Randy suna ne a Amurka, a Ingila kuwa kalmar batsa ce.

In kina da ɗan'uwa a can, tura masa saƙon murya, ki zaɓi matashi, su ne suka san abin da ake faɗa yau.

Daga nan rubuta sunan a takarda ki miƙa wa inna ko wata maƙwabciya ta karanta da ƙarfi, da Hausa da Zabarmanci. Bahaushe in ya ga "Karen Hadiza" a allo, dabba zai karanta, kuma ni ba zan so a kira ɗiyata haka a kasuwar Wadata ba. In sunan ya tsallake wannan, sai ki kira mai fenti ku yi ciniki.