Yadda Ake Kula da Bawul ɗin Amfilifayar Jita Idan Ana Rage Mata Ƙarfi

Mai amfilifaya ta wat 50 ko 100 a Sakkwato ba ya iya sake mata murya a cikin unguwa. Ko a Mabera kake ko Arkilla, katanga ɗaya ce tsakaninka da maƙwabci, dole ka rage. Sai dai raguwar sauti ba ita ce hutun bawul ba, wato kwalaben nan da ke ci da wuta a bayan amfilifayar. Wata dabarar tana hutar da su, wata kuwa tana ƙara cinye su.

Da farko ka gane ta wace hanya kake ragewa. Idan maɓallin Master kake juyawa ƙasa, manyan bawul irin su EL34 da 6L6 suna samun sauƙi, don siginar da ke isa gare su kaɗan ce. Haka ma amfilifayar da aka ƙera da tsarin rage boltejin bawul daga ciki. Amma atenuweta, akwatin da ake sawa tsakanin amfilifaya da lasifika, labarinta daban ne. Bawul na aiki iya ƙarfinsu, akwatin ne ke shanye yawancin ƙarfin ya mai da shi zafi. Kamar direba ne da ya taka totur har ƙasa ya kuma danne birki: mota na tafiya a hankali, inji na shan wuya. A nan mutane ke yin asara, domin kunne bai ji ƙara ba sai mutum ya bar ta a ƙure tun bayan azahar har magariba. Ka yi amfani da atenuweta, amma kar ka kai maɓallin amfilifayar ƙarshe, kuma ka tabbata om ɗinta, wato ma'aunin turjiyar lantarki da aka rubuta a jikinta, ya yi daidai da na amfilifayar.

Akwai masu cire bawul biyu daga cikin huɗu. Ana yi, amma da ƙa'ida: ko biyun tsakiya ko biyun gefe, ba na ɓangare ɗaya ba. Sannan lasifika mai om 16 a koma da ita kan saitin om 8. Kar a gwada haka a amfilifaya samfurin Vox AC30 da ire-irenta, sauran biyun za su yi zafin da ya wuce kima. Ni ban cika ba da shawarar wannan hanya ba, don rabin ƙarfi desibel 3 kawai yake ragewa, maƙwabci ba zai ji wani bambanci ba.

Abu na gaba shi ne wutar da kake ba ta, kuma a ganina ya fi komai muhimmanci a garinmu. An ƙera amfilifayar don bolt 230, hitar da ke cikin bawul kuma tana son bolt 6.3. Idan wutar gari ta zo da rauni, ko ƙaramin janareta na hawa da sauka, hitar ba ta kai zafin da ya kamata ba, fatar katod da ke fitar da lantarki sai ta riƙa lalacewa a hankali. In wutar ta yi yawa kuma, ƙonewa ce da wuri. Sa mita a soket ka auna kafin ka kunna, ka kuma haɗa stabilaiza mai kyau. Masu rage wutar shiga da gangan don sauti ya yi laushi su sani hitar ma suna rage wa. Amfilifayar da aka kawo daga Amurka kuwa bolt 120 take ci, sai da taransfoma.

Wajen kunnawa, ba ta kamar minti ɗaya ta ɗumama kafin ka ɗaga Standby, maɓallin da ke barin hita kaɗai a kunne kafin a saki babbar wuta ga bawul. Kar ka bar ta awanni a kan Standby, hita na ci babu aiki, hakan ma na kashe katod. In za ka tashi salla ko cin abinci, kashe ta gaba ɗaya. Kuma har abada kar ka kunna ta babu lasifika a haɗe, taransfomar fitar da sauti ce za ta tafi.

Sai zafi da ƙura. Daga Maris zuwa Mayu garin nan kan haura digiri 40. Janye amfilifayar daga jikin bango, sa mata ƙaramar fanka a baya, kar ka ɗora atenuweta a kan ramukan shan iskarta. Da hunturu ka rufe ta da ƙyalle bayan ta huce, ka riƙa share ƙura da busasshen buroshi. Kar ka ɗauke ta tana da zafi.

Lokaci-lokaci ka kashe fitilar ɗaki ka leƙa bayanta tana aiki. Ɗan haske ruwan lemo a tsakiyar bawul lafiya ne. In farantin ƙarfen da ke ciki ya yi ja kamar garwashi, kashe nan take. Tabon azurfa da ke jikin kwalbar in ya koma fari, iska ta shiga, bawul ya mutu. Ƙananan bawul irin su 12AX7 sukan yi shekaru. Ƙwanƙwasa su a hankali da fensir, wanda ya amsa da ƙara ko kuwwa a lasifika shi ne mai matsala. Manyan kuma in sun gaji za ka ji sauti ya dushe, ƙasan muryar ya yi sako-sako, ko fis na yawan yankewa.

Saitin bayas, wato daidaita yawan lantarkin da ke ratsa manyan bawul, aikin mai gyara ne, domin akwai fiye da bolt 400 a ciki, kafasito kuma na riƙe wuta ko bayan an zare waya. Abin da za ka gaya masa shi ne kar ya wuce kashi 70 cikin ɗari na abin da bawul ke ɗauka. EL34 wat 25 ne, saboda haka a bolt 450 bai kamata ya haura miliamfiya 39 ba. Mai amfani da atenuweta kullum, ga zafin Sakkwato, gara ya tsaya wajen kashi 60. In lokacin canji ya zo, sayi manyan bawul waɗanda aka auna suka dace da juna, biyu ko huɗu, a sake saita bayas ranar da aka sa su.