Kurakuran da ɗalibanmu suka fi yi game da kuɗi a ƙasashen waje

Kowace shekara matasa suna tashi daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa Masar, Indiya, Malesiya, Turkiyya ko Ingila domin neman ilimi. Fasfo da biza da takardar samun gurbi duk an shirya su tsaf, amma hanyar da kuɗi za su riƙa bi su isa hannun ɗalibin ba kasafai ake zama a tsara ta ba, alhali a nan ne yawancin wahalar take fitowa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne yin lissafi da naira. Mahaifi zai yanke cewa duk wata zai tura naira kaza, ya manta cewa mai gidan haya a Alƙahira ko Delhi ba naira yake karɓa ba. Bayan da Babban Bankin Najeriya ya bar kasuwa ta yi wa naira farashi a watan Yunin 2023, dalar da take ƙasa da naira 500 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024, ta yadda abin da a da yake ciyar da ɗalibi wata guda ya koma bai kai shi mako biyu ba. Gyaran shi ne a rubuta kuɗin makaranta da haya da abinci da magani da kuɗin ƙasar da za a je, a buɗe asusun dala tun ana gida, sannan idan da hali a tanadi na zango guda kafin lokacinsa.

Sai dogaro da hanya ɗaya. A 2022 bankuna da dama sun dakatar da amfani da katin naira a waje, waɗanda ba su da wata hanya kuma suka tsaya cak. Haka lokacin da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023, kuɗin da ke aljihu ne suka yi wa ɗalibai rana, ba na asusu ba. Ya kamata a riƙe kati biyu na bankuna daban-daban, a buɗe asusu a ƙasar da ake zaune, a kuma ajiye 'yan daloli da ba za a taɓa ba sai ta ɓaci. Akwai ƙaramin abu da ake rainawa: layin waya. Wanda ya bar layinsa na Najeriya ya mutu, lambar da banki ke turowa kafin a fitar da kuɗi ba za ta iso shi ba, gyaran hakan daga nesa kuwa yana da cin rai.

Game da kuɗin makaranta, Fom A, wato takardar neman kuɗin waje da ake cikewa ta banki, yana buƙatar takardu da lokaci, don haka jira har wa'adi ya ƙarato ganganci ne. Masu zuwa wajen 'yan canji a Wapa kuwa su nemi mai lasisi, su karɓi rasit, su tabbatar an rubuta lambar ɗalibin, kuma kada hankali ya kwanta sai makarantar da kanta ta ce kuɗin sun shiga. Duk wanda ya ce zai biya maka da farashin da ya yi arha fiye da kima, ka tambayi kanka da katin wa zai biya.

A Ingila dokar biza ta ce kuɗin da ɗalibi zai nuna wajen neman biza su zauna a asusu kwana 28 a jere, kuma aikin da aka yarda ɗalibin digiri ya yi bai wuce awa 20 a mako ba lokacin karatu, saboda haka kada a ɗora kuɗin makaranta a kan wannan aikin.

Kuskuren da ya fi tayar mini da hankali shi ne ara wa wani asusu. Aboki zai ce a turo masa kuɗi ta asusunka, ka cire ka ba shi, ya ɗan ba ka na shan ruwa. Idan kuɗin na damfara ne, sunanka ne a rubuce, kai za a rufe wa asusu, kai 'yan sanda za su nema, kuma bizarka na iya tafiya tare da shi. Amsar da ta dace ita ce a'a, ko da mai roƙon ɗan unguwarku ne.