In waya tana mutuwa da sauran caji bayan ofdet

Jama'a masu kukan wayarsu na ɗaukewa tana kan 30% tunda suka yi ofdet, kar ku yi saurin kai ta wajen mai gyara. Sau da yawa lissafin cajin ne ya rikice. Ku yi ta aiki da ita har ta mutu da kanta, sai ku jona ta a kashe har ta cika 100 ba cirewa. In ta ci gaba, musamman da an buɗe kyamara ko ana sanyi, to batirin ne ya tsufa, ofdet ɗin asirinsa kawai ya tona. Masu iPhone ku duba Battery Health, wato wurin da ke nuna lafiyar batiri a Settings, ƙasa da 80% a canja batirin. Wanda ya kumbura har ya ɗago murfi kuwa kar ma a sake jona shi.